Ƙwaryar Mantau a Ƙarƙashin Masaki

A ƙarƙashin gidan tururuwar da ke bayan ƙauyenmu, Kwarin Marke, akwai wata ƙasa inda hatsi ke zubowa daga sama kamar ruwan marka. Ba ji na yi ba. Da ƙafata na shiga, da ita na fito. Duk wanda ya ce ƙarya ce, ya zo ya dubi hannuna na dama, ya leƙa bakina, sa'an nan ya gaya mini inda yatsuna da haƙorana suka tafi.

Ni ne Mantau Gyartai, basilla mai huda inda ido bai kai ba. Ban san boko ba, allon ma ban yi nisa ba, amma a zamanina ƙwaryar da na ɗinke ko man gyaɗa aka zuba mata ba ta yoyo. Fulani daga uwa duniya suke aiko mini da fasassun ƙorensu.

Ni da Alhaji Ɗanjimma tare aka yi mana kaciya, kuma shi ne ya yi kuka, ba ni ba. Gonar ubansa da ta ubana iyaka ɗaya ta raba su. Wata shekara ya samu rarar dammuna, ni kuwa tsuntsayen jan baki suka sauka a gonata suka share. Daga nan hanya ta rabu. Da kaka, lokacin da hatsi ba shi da daraja, mu masu buƙata mu ɗauka mu kai masa. Da bazara, lokacin da ya yi tsada kamar ido, mu koma mu saya a wurinsa. Rumbunsa ya haifi rumbu, gonakinmu suka riƙa tsallake iyaka suna komawa nasa, har ya zamana ƙwadago muke yi masa a inda iyayenmu suka yi noma.

Sai ga shekarar da ruwa ya ɗauke da wuri. Sana'ata ta mutu murus, don wa zai ɗinke ƙwaryar da ba abin da za a zuba mata? 'Ya'yana maza biyu muka binne a bazarar nan, ɗaya na bin ɗaya. Saura Kande, jaririya, goye a bayan matata Tabawa. Abin da ke riƙe da ransu shi ne Tabawa takan je gidan Alhaji ta yi surfe, a ba ta dusar ta zo ta dama.

Ran nan da hantsi ta zaunar da ni ta ce, "Maigida, yau ko ɗigo bai fito ba. Ta tsotsa har ta gaji ta saki."

Na dubi yarinyar. Kukanta ya koma kamar na ɗan kyanwa, bakin a buɗe, muryar ba ta kai ƙofa. Na bugi ƙirji na ce, "Ni Mantau ina raye? Kafin rana ta faɗi za ki ci tuwo."

Ta ce, "Tuwon baki dai, tun bara ka ƙosar da mu da shi."

Na rataya jakar basillata, na ɗauki dagi. A shekarar yunwa abin da mukan yi ke nan, mu tone gidan tururuwa mu kwashe ɗan hatsin da suka tara. Ina fita sai ga Ranau, maƙwabcina, jingine da danga. Ni da shi mun daɗe ko gaisuwa ba ma yi, tun da akuyarsa ta cinye mini kabewa. Ya ce, "Gyartai, in ka samu sarari ka ɗinke cikinka, na ga yana yoyo."

Na ce, "Bari in gama da bakinka tukuna." Na wuce.

Rana tsaka na hau tono. Na haƙa har kaina ya ɓace a rami, ko ƙwaya ban gani ba. Na ɗaga dagi na maka da ƙarfin da ya rage mini, sai ƙasa ta buɗe baki ta haɗiye ni. Na yi ta gangarawa har na gama salati na sake wani, sa'an nan na faɗi tim a kan ƙaiƙayi.

Da na buɗe ido sai ga ni a wata hanya mai faɗi, tururuwa suna ta wucewa, kowace girmanta ya kai jaki, kowace da ƙwayar gero a ka kamar taiki. Wani babba a cikinsu, mai jan kai da farin gemu, ya tsaya a kaina. Shi ne Sarkin Tururuwa.

Ya ce, "Kai ɗan Adam, ɓarawon da ke yi wa masu tsintuwa sata, wa ya ba ka iznin fasa mana soro?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, yunwa ce ta ba ni, ita kuwa ba ta sallama. Ina da 'ya a gida wadda ranta ke bakin ƙofa."

Ya ce, "Abin da muka tara na 'ya'yanmu ne, ba za ka taɓa ba. Amma ka bi hanyar nan ta inda muke fitowa, za ta kai ka inda hatsi ke zuba. Abu ɗaya zan gaya maka: kada ka gyara abin da ba ka san mai shi ba."

Na yi godiya, na kama hanya. Na yi ta tafiya har tafin ƙafata ya tsage, sai na iske wani kogi wanda ba gangara yake yi ba, hawa tudu yake yi. Ƙishirwa ta sa na kamfata na kai baki, na ji gishiri zalla, na tofar. Sai kogin ya yi magana da murya kamar ta taron mutane masu nishi.

Ya ce, "Kada ka tofar da ni, ɗan Adam, akwai naka a cikina. Ni ne gumin masu ƙwadago. Daga kwari nake fitowa, a kan tudu ake cin amfanina."

Na ce, "Gafara dai, babba. Ta ina ake haye ka?"

Ya ce, "Masu jirgi sun haye tuntuni. Marasa jirgi su ne waɗannan da kake gani."

Na duba sai na ga hannuwa suna ɓullowa daga ruwan, kowane riƙe da fartanya, su ɗaga su nutse. Da wani ne da sai ya juya. Ni kuwa na hango wata ƙatuwar ƙwarya a gaɓa, ta rabe biyu, an yar. Na zauna na haɗa ta, na ɗinke tsaf, na shiga na yi tuƙi da dagina. Hannuwan nan suka yi ta kama gefenta suna ja, igiyar ruwa na maka ta, amma ko ɗigo bai shigo ba. Ɗinkin Mantau ne.

A ƙetare na faɗa wata kasuwa ta aljanu. Abinci tuli, ƙamshi kamar ya kayar da ni. Na laɓe ina kallon wani mai awo, dogo, idonsa ɗaya a tsakiyar goshi. Duk wanda ya zo saye, ba hatsin yake aunawa ba, sai ya ɗora kunne a cikin mai sayen ya saurara. In ya ji cikin shiru, ya cika masa mudu har da gyara a kan abin da bai taka kara ya karya ba. In ya ji hanji na kuka, sai ya ce a tuɓe riga, a ajiye fartanya, a bar takalmi, sa'an nan ya ba da abin da bai cika tafi ba.

Na ce a raina, wannan ai kasuwar garinmu ce, ido ɗaya ne kawai bambanci. To amma ba a yi wa ɗan talaka wayo a kan ɓoye yunwa, da ita aka yaye mu. Na tsinci faffaɗan dutse na ɗaure a cikina tamau da rawanina. Na lakaci maiƙo a bakin wata tukunya na shafe leɓɓa. Na karyi tsinke na sa a baki, na taho ina sakace ina tafiyar ƙasaita, har da gyatsar ƙarya.

Mai awon ya ce, "Maraba da baƙo. Me za a ba ka?"

Na ce, "Ba komai, ƙoshi ne ya dame ni na fito miƙe ƙafa. Furar nan taka ma kamar ta kwana."

Ya ɗora kunne a cikina, ya ji shiru kamar kabari. Nan da nan ya rusuna ya ce, "Ranka ya daɗe, ɗauki curi guda ka ɗanɗana, kyauta. Irinku ba a karɓar muku komai."

Na karɓa kamar ba na so. Allah ya sani yawuna ya tsinke har yana zuba a gemu, amma ban gutsura ba. Na sa a jaka na ce wannan na Tabawa ne.

Bayan kasuwar na hau wani tudu da rarrafe, don ƙafafuna sun daina ɗaukata. Da na kai sama sai na ga abin da ya sa na manta da gajiya. Fili ne wanda ido ba ya kai ƙarshensa. A tsakiyarsa wani itace, saiwarsa na shan kogin nan na gumi, rassansa sun rufe sama, gero da dawa na zubowa daga ganyensa ba ƙaƙƙautawa. A ƙasa kuwa manya-manyan masakai ne jere, irin ƙwaryar nan babba ta biki, sai dai kowane ya kai girman unguwa, sun cika sun yi tozo.

Ina tsaye baki buɗe sai ga wani ƙaton aljani ya nufo ni, tumbinsa na gaba yana biye. Hannuwansa duka biyu a dunƙule suke, ba sa buɗuwa.

Ya ce, "Ni ne Dunƙule, mai gadin wancan masaki. Na ga basilla a jakarka. Kai gyartai ne ko mai ɗaukar wa gyartai jaka?"

Raina ya ɓaci. Na ce, "Tambayi kogin da ke bayanka."

Ya kai ni gindin masakin, ya nuna mini wata 'yar tsaga inda hatsi ke ɗiga kaɗan-kaɗan yana shiga ƙarƙashi, wani kuma tururuwa na tsinta. Ya ce, "Wannan tsaga ta hana ni barci. Masu gyara na aljanu duk sun gwada sun kasa, sun ce ba mahaluƙin da zai iya. In ka ɗinke ta, taikin gero naka ne, ka kai gida."

Taikin gero! Ga kuma wai ba mai iyawa. Gargaɗin Sarkin Tururuwa yana kaina, amma hannun gwani ba ya jiran shawara. Na huda, na zura, na ja, na ƙulle. Ban taɓa ɗinki mai kyan wannan ba, ko iska ba ta ratsawa. Ɗigon ya tsaya cak. Dunƙule ya yi dariya har tumbinsa na rawa, ya turo mini taiki da ƙafa.

Ina sunkuyawa in ɗauka, wurin ya yi tsit, sai na ji wani ɗan sauti daga ƙarƙashin masakin. Kamar kukan ɗan kyanwa.

Na saki taikin. Na kwanta rub da ciki na kutsa. Duhu, zafi kamar maƙera. Da idona ya saba sai na ga ashe masakin ba a ƙasa yake zaune ba, a kan ƙananan ƙore yake, birjik, duk sun bushe sun tsuke, su ne suka yi masa gammo. Kowace na leƙa sai in ga gidan wani ɗan Kwarin Marke a cikinta kamar a madubi. Na bi kukan har tsakiya, na iske wata 'yar ƙwarya daidai inda tsagar take ɗiga a da. Na leƙa. Ga Tabawa tsaye a ƙofar gidan Alhaji Ɗanjimma da Kande a baya, ana ce mata daga ciki, "Ki koma, daga yau dusar ta ragunan Alhaji ce." Ta juya tana tangaɗi.

Na kai hannu in fizgo ƙwaryar, hannuna ya wuce ta cikinta kamar hayaƙi. Na sake, haka. Na yi ihu na ce, "Wayyo ni Mantau, Kande!"

Sai na ji ana cewa, "Ba mai taɓa ƙwaryar kansa a nan, ɗan Adam."

Na waiga. Wata tsohuwa ce 'yar ƙarama, tsugune da tsintsiya a hannu, gashinta fari fat. Na ce, "Iya, ke ce mai wannan rabo na zalunci?"

Ta ce, "Kama bakinka. Mai rabawa Allah ne, ni Magajiyar Fili ce, shara kawai nake yi. Itacen nan bai san Alhaji ba, bai san gyartai ba, zuba yake yi wa kowa daidai. Da can ƙoren nan kusan kansu ɗaya. Amma wadda ta kwana da saura takan ƙara faɗi. In ta ƙara faɗi sai ta tari nata, ta tari na maƙwabciyarta. Wadda aka tare wa ta bushe ta tsuke, babbar ta hau kanta. Haka masakin abokin kaciyarka ya kai inda ka gani. Tsagar da ka ɗinke ita ce dusar matarka, ita ce kalar da mata ke yi a gonakinsa bayan girbi, ita ce abin da tururuwa ke ja."

Na ce, "To ai ina da taiki. In ruga da shi gida."

Ta ce, "Me ke cikin jakarka?"

Na ce, "Fura ce, ta Tabawa."

Ta ce, "Fito da ita."

Na zura hannu, sai na damƙo yashi. Ta ce, "Abin da bai bi ta ƙwaryar mutum ba, ba ya shiga cikinsa. Taikinka ma haka zai zama. Dunƙule bai taɓa ba da abin da ya rage shi ba."

Jini ya hau mini ka. Na kwance dutsen da ke ɗaure a cikina na ɗaga na ce, "Wallahi yau sai na fasa masakin nan, kowa ya huta!"

Ta ce, "An riga ka." Ta nuna mini can gefe da tsintsiya, inda sakaina ta yi tsibi, ciyawa ta tsiro a kai. "Mutanen wani gari ne suka fasa nasu. Hatsin ya rufto gaba ɗaya ya murƙushe ƙananan, tsuntsaye suka kwashe saura. Sun yi kwanaki suna biki, da damina ta zo ba iri. Yanzu kufai ne."

Na ce, "To in warware ɗinkina, ɗigon ya dawo."

Ta ce, "Kana iyawa."

Ɗigon nan shi na yi ta lasa shekara da shekaru, kuma a ƙarƙashinsa na binne maza biyu. Ba ceto ba ne, mutuwa ce mai tafiyar hawainiya. Na ce, "Iya, don girman Wanda ya halicce ki ya halicce ni, ba wata hanya?"

Ta ce, "A fitar da ƙwaryar sarari, inda hatsi zai same ta kai tsaye. Taka ba ta taɓuwa gare ka. Ta wani tana taɓuwa, amma ƙwaryar mayunwaci garwashi ce. Kuma ko ka fitar da guda, kafin ka juya wani masaki ya hau ta. Na gama magana." Ta ci gaba da shararta.

Na zauna cikin duhun nan, kukan Kande na ƙara nisa. Na dubi ƙwaryata a tsakiya, na dubi na maƙwabta kewaye da ita. Sai dabara ta faɗo mini, irin wadda ba ta zuwa wa kowa sai Mantau. In ba ni da ikon jan tawa, ina da ikon ɗinke waɗanda ke kewaye da ita baki da baki, su zama zobe. In na ja zoben, tawa dole ta biyo.

Na kama ta farko, ta wata bazawara mai sayar da kuka. Na ji cau, naman yatsana ya yi ƙauri. Ban saki ba. Na huda na haɗa ta da ta maƙeri. Ta maƙeri da ta makaho. Ta makaho da ta mai jaki. Duk wadda na taɓa sai ta ci rabonta a hannuna, ina jin warin kaina kamar ana babbaka.

Dunƙule ya farga. Ya kutso yana huci ya ce, "Kai gyartai, wa ya sa ka wannan aiki? Fito in ƙara maka taiki, in ba ka masaki naka na kanka!"

Na ce, "Riƙe yashinka."

Ya ce, "To za ka mutu a nan, ba mai yi maka sutura."

Ya so ya tsinke zaren, amma hannun da bai taɓa buɗuwa ba ba ya kama zare. Sai ya hau dukana a gadon baya kamar ana bugun dawa. Yana duka ina ɗinki. Ana cikin haka zarena ya ƙare, zoben bai rufe ba. Na ɗaga kai na ga ɗinkina a gindin masaki, ɗinkin da aljanu ma ba su iya warwarewa. Yatsuna sun riga sun zama gawayi, sai na sa haƙori na ciji ƙullin, na warware shi, na zaro zaren. Ɗigo ya dawo.

Saura ƙwarya guda zoben ya rufe. Na leƙa cikinta, sai ga Ranau zaune a gindin danga. Mai akuya. Na tsaya. Na ce ko zan mutu ba zan ƙona hannuna don wannan la'ananne ba. Na duba hagu na duba dama ko akwai wata da za ta toshe gurbin, babu, tasa ce ke manne da tawa. Sai na lura wurin ya yi shiru. Kukan Kande ya ɗauke.

Ban san lokacin da na rungumi ƙwaryar Ranau ba. Ita ta cinye abin da ya saura na hannuna. Na riƙe basilla da hagu, na huda, na ja da baki, na ƙulle. Sa'an nan na naɗe bakin zaren a haƙorana na gaba, na kafa gwiwa, na ja da baya. Bai motsa ba. Nauyin masaki na kansu, Dunƙule na kaina. Na kira sunan Allah, na kira sunayen yarana biyu da ke ƙasa, na fizga. Na ji ƙas a bakina, jini ya cika shi, amma zoben ya taho, ƙore na bin juna suna ƙara, tawa a tsakiyarsu kamar amarya a cikin ƙawaye.

Muna fita sarari masakin ya rasa abin zama, ya sauko ƙasa dim. Bai fashe ba. Ya dai karkata, tozon hatsin da ya taru a kansa ya gangaro cikin ƙananan. Hatsin sama kuma ya same su kai tsaye, ina jin sautinsa kamar ruwan farko a kan busasshiyar ƙasa. Wani masaki ya matso zai hau su, ya tarar sun zama baki ɗaya mai faɗin da ba ya hawuwa, ya koma. Dunƙule ya zauna dirshan yana kuka, ya rasa tafin da zai share hawaye.

Na ja jiki na leƙa ƙwaryata. Hatsi ya rufe madubin, ban ga komai ba. Na ce, "Iya, tana da rai?"

Magajiya ta ce, "Wannan ba a nan ake tambayarsa ba. Je ka gida." Daga nan ban sake sanin inda kaina yake ba, sai dai na ji kamar tururuwa na ɗauke da ni.

Na farka a bakin ramin da na tona, ƙasa jiƙe, ciyawa ta fara tsiro. Ashe har damina ta sauka. Na tashi ina faɗuwa ina tashi har gida. Ɗaki wayam. Murhu sanyi ƙalau, gizo-gizo ya yi saƙa a bakin tulu. Na durƙushe a tsakar gida na ce shi ke nan, na ƙona hannuna a banza.

Sai na ji an ƙyalƙyale da dariyar jariri ta bayan danga.

Na tsallake dangar nan da na rantse ba zan ƙara tsallakewa ba. Ga Lantana matar Ranau zaune a kan tabarma, ɗanta a nono ɗaya, Kande a ɗaya, kumatunta sun fara ciko. Ga Tabawa a gefe da ludayin kunu. Ta dube ni, ludayin ya faɗi.

Ranau ya fito ya ce, "La ilaha illallahu! Gyartai, har sadakar bakwai mun yi maka, da ganyen kuka. Ina haƙoranka?"

Na ce, "Suna wurin aikinka."

Shi ya ba ni labari. Ranar da aka kori Tabawa daga gidan Alhaji, a ƙofar Ranau ta zo ta faɗi. Lantana ta kwance yarinyar ta sa mata nono. Daga nan unguwa ta haɗa tukunya ɗaya, mai kuka ta kawo kuka, mai akuya ya kawo madara, maƙeri ya sayar da uwar maƙerarsa. Da ruwa ya sauka, Alhaji ya aiko a kira masu ƙwadago ɗai-ɗai yadda ya saba, ba wanda ya je shi kaɗai. Suka tafi gaba ɗaya suka ce ladan noma hatsi ne a hannu, kuma gonakin kwari su koma ga masu su. Ya yi fushi, ya yi rantsuwa, ya dubi ciyawa na cin gonakinsa, ya buɗe rumbu. Da kaka muka gina rumbu guda na gayya a tsakiyar gari, muka yi alkawari ba mai kai hatsi kasuwa da arha shi kaɗai. Alhaji bai talauce ba, har ya mutu ya fi kowa. Amma ba a sake binne yaro don yunwa a Kwarin Marke ba.

Ranau har ya koma ga Allah yana cewa dabararsa ce. Na bar shi, ai ƙwarya ba ta san wanda ya ɗinke ta ba. Tabawa kuwa cewa take rana ce ta buge ni a rami, tururuwa suka ci yatsuna. Na ce mata tururuwar da ke cin haƙori fa?

Yanzu ina jin an ce wasu masakai sun taso waɗanda suka ninka na Ɗanjimma, masu su ma ba a garin suke kwana ba, kuma samari sun fara sayar da kaka kowa shi kaɗai. Zare yakan tsufa. Ni na ba da nawa yatsun, ku naku suna nan cif.

Ban sake riƙe basilla ba tun daga ranar, loma ma ba na iya yankawa. Kande ce ke ba ni abinci, ga ta nan da jikokinta. In ta ɗebo takan ce, "Baba, buɗe bakin nan mai yawan cika." Ni kuwa in buɗe, don wannan ba tuwon baki ba ne.